Bazara ta kama a bakin Solent: kaya da araha, hannun gwani da tsada

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, manya da ƙanana. Ina fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Na san wasunku sun yi ƙorafin shiruna tun watan Maris. Ku yi haƙuri, aiki ne ya sha kaina. A nan kudancin Ingila da zarar an tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, masu jiragen ruwa na shaƙatawa sai su farka gaba ɗaya, kowa yana son a jefa nasa a ruwa kafin na maƙwabcinsa. Ni kuwa bakanike ne a filin gyara na wani kulob a bakin Solent, mashigin da ya raba tsibirin Wight da sauran Ingila. Tunda na taɓa yin irin wannan aiki a Kiel ta ƙasar Jamus, bari in gaya muku yadda wuraren biyu suka bambanta.

A Jamus kulob na membobinsa ne da gaske. Jirage sukan yi hunturu a tudu, da yawa a cikin manyan rumfuna, kuma in lokacin sauke su ya yi, aikin gayya ake yi. Kulob da dama sun ɗora wa kowane memba awannin aikin da zai yi a shekara, in bai yi ba ya biya. Za ka ga likita da direban bas sun kama igiya ɗaya, hannu duk fenti. In an gama sai a sa rana, wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, jirage su fita tare a jere. Ansegeln suke ce wa wannan fitar. A nan ma akwai ƙananan kulob masu gayya, amma inda nake kuɗi ne ke aiki. Mai jirgi yana zaune a Landan zai turo saƙo, ranar Asabar ya zo ya tarar an wanke, an yi fenti, an sauke. Buɗe kakar kuma da liyafar cin abincin dare ake yi, a ɗaga tuta, shugaban kulob da suke kira commodore ya yi jawabi.

Kaya dai ba sa wuya ko nan ko can. Matatar mai, bel, ƙaramar farfelar roba da ke jan ruwan sanyaya inji, ka yi oda ta intanet yau, sau da yawa gobe tana hannunka, da lambarta daidai da ta littafin injin. Abin da ke da tsada shi ne hannun da zai ɗaura ta. Kuɗin aikin bakanike na awa ɗaya yakan fi kuɗin farfelar kanta, kuma a watan Afrilu ko kana da kuɗin sai ka bi layi na makonni. Wanda ya yi mana magana tun Nuwamba shi ke shiga ruwa da wuri. Shi ya sa na fi son tsarin Jamus a wannan fanni: mutumin da ya kwance famfon jirginsa da hannunsa, ranar da injin ya yi zafi a tsakiyar teku ya san inda zai duba.

Ƙasan jirgi shi ne babban aikinmu. Ana kankare shi, a shafa fenti mai jan ƙarfe a ciki don kada gansakuka da ƙananan halittun teku su manne su rage masa gudu. Sannan a canza dunƙulen tutiya da ake ɗaurewa kusa da farfela. Aikinsa shi ne ruwan gishiri ya cinye shi a maimakon ƙarfen jirgi. Wanda na cire jiya ya zama kamar ƙashin da kare ya gwigwiye, ramuka ko'ina. A nan ya fi saurin ƙarewa, domin ruwan tekun Baltik da ke Kiel bai kai na nan gishiri ba.

Lokacin da na fi natsuwa a duk aikin shi ne sa'ad da injin ɗaga kaya ya sauke jirgi ya taɓa ruwa, amma ba a kwance ɗamarar da ke riƙe da shi ba tukuna. Sai in shiga ciki da tocila, in ɗaga katakon ƙasa, in bi kowace kafa da bututu ya ratsa, ina shafawa da busasshen yatsa. In na ji danshi, a ɗaga shi a mayar tudu, ko da mai shi zai yi fushi. Sai na leƙo na ɗaga wa direban injin hannu sannan ya saki.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne maganar lasisi. A Jamus, in injin jirginka ya wuce ƙarfin doki 15, dole ka ci jarrabawa kafin ka tuƙa shi a teku. A Ingila doka ba ta neman lasisi ga mai ƙaramin jirgin shaƙatawa. Akwai takardun shaidar ƙwarewa na RYA, ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa ta ƙasar, wadda ta samo asali tun 1875, kuma mutane da yawa suna yi da kansu, amma ba tilas. Ga shi kuma ruwan nan ya fi wuyar sha'ani. A Kiel da ƙyar za ka lura teku ta cika ko ta janye. A Solent bambancin kan kai kusan mita 4, ruwan yana gudu da ƙarfi, ga manyan jiragen dakon kaya masu shiga Southampton. A ganina wannan sakaci ne, ko da Turawan nan suna alfahari da shi.

Man dizal ma da bambanci. Nan ana sayar wa masu jirage jan dizal, wato wanda aka rina ja don alamar rangwamen haraji, mai jirgi ya faɗi kason da zai yi tafiya da shi ya biya cikakken haraji a kansa, sauran na ɗumama ɗaki a yi masa rangwame. A Jamus an hana jirgin shaƙatawa amfani da mai launi.

Rigar ceto ce ke ɗaga min hankali. Rana tana fitowa a Afrilu mutane su ɗauka zafi ya zo, alhali ruwan yana wajen digiri 10, sanyin da ke ɗauke numfashin mutum da zarar ya faɗa. Rigar tana da 'yar kwalbar gas mai giram 33 da ke hura ta. Ana kwance kwalbar a auna a gani ko nauyinta ya yi daidai da wanda aka buga a jikinta, a hura rigar a bar ta ta kwana a ga ko za ta sace. Makon jiya na buɗe wata sabuwa fil, mai tsada, na tarar kwalbar ta yi sako-sako, saura kaɗan ta fita daga mazauninta. Da mai ita ya faɗa ruwa da ba ta buɗe ba. Mutumin ya sayi mafi kyau a kanti, bai taɓa zuge ta ya duba ba.

Inda ƙasashen biyu suka yi canjaras shi ne masu ceto. RNLI ta nan, tun 1824, da DGzRS ta Jamus, tun 1865, duk da gudummawar jama'a suke aiki, yawancin ma'aikatan jiragensu 'yan sa-kai ne, kuma ba sa karɓar ko kwabo don sun ceci rai. Duk wata ina jefa abin da ya sawwaƙa a asusunsu, don na ga dawowarsu da asuba jikinsu sharkaf.

Yanzu fili ya kusa zama fanko, amma hutu bai zo ba. Tseren kewaya tsibirin Wight, mil 50 na teku, yana tafe, bayansa kuma makon tseren Cowes, wani gari a tsibirin, da ake yi tun 1826, kuma tuni allon aikinmu ya cika da masu son a sake wanke musu ƙasan jirgi kafin ranar. Ku gaishe min da su Baba da Inna, ku sa ni a addu'a. Sai na sake samun sarari.