Sharhi kan buhun PICS na ajiyar hatsi ba tare da magani ba

Na yi amfani da buhun PICS wajen ajiye wake da masara, kuma yana yin aikinsa muddin an bi ƙa'idarsa. Masu bincike na Jami'ar Purdue a Amurka ne suka ƙirƙiro shi, da farko saboda ƙwaron wake. Riɓi uku ne: ledoji biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin 100.

Babu ko ɗigon magani a cikinsa. Idan an ɗaure bakinsa da kyau, ƙwarin da suka shigo da hatsin daga gona su ne ke shanye iskar da ta rage. Daga nan sai su daina ci, su daina hayayyafa, su bushe su mutu. Saboda haka ko ƙaramar huda tana iya rage aikin. Kafin zuba hatsi, a cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta a matsa, a saurara ko tana tsiyaya. Bayan an zuba, a bar sarari a sama, a matse iskar ta fita, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Ta biyu ma haka, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda su ne suka fi kuka da buhun.

Inda ya fi ba da matsala shi ne danshi. Masara tana buƙatar bushewa har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Wadda ba ta bushe ba takan yi gumi a cikin leda, ta yi tsami, irin shuka kuma ya ƙi tsirowa. Wanda ba shi da na'urar awo, ya zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba ya girgiza: in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. A kuma sheƙe shi sosai, domin guntun kara da tsakuwa suna yaga leda daga ciki.

Buhun ba ya hana ɓera. A ɗora shi kan katako, nesa da bango da rana. Ƙwaron masara mai huda totuwa shi ma yakan iya ɓula leda, don haka a riƙa dubawa ko gari na zuba. Yawan buɗewa kuma yana mayar da iska ciki, gara a ware na ci a wani mazubi.

Ya fi buhun yau da kullum tsada, amma leda mai lafiya takan yi kaka uku, kuma ya raba mutum da zuba ƙwayar gas ta kashe ƙwari a abincin da iyali za su ci.