Bashin kuɗin haya na ƙungiyar adashinmu ya rufa min asiri

Ni malamar firamare ce a Kaduna, ɗaki biyu da falo nake haya a Kawo. Bana mai gida ya ce sai kuɗin shekara dunƙule, ga kason dillali a kai. Da na ji Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024 na yi murna, amma mai haya watan biya yake kirgawa, ba ranar buɗe gidaje ba.

Ƙungiyar adashi ta wurin aikinmu na nufa. Fom shafi ɗaya, masu tsaya min biyu, cikin kwana tara suka tura kuɗin kai tsaye ga mai gidan, suka miƙo min rasit. Babu ruwa a kai, ana cira daga albashi kaɗan-kaɗan har wata goma. Ma'ajin, dattijo mai haƙuri, ya zauna ya lissafa min abin da zai rage na cefane kafin in sa hannu. Wannan ya shiga raina sosai.

Inda suka gaza: sai ka shekara kana zubi za su ba ka, sababbin malamai kuwa su suka fi shiga matsi. Ina roƙon su sassauta.