Rana ɗaya ta mai kaya, ko daddawa ma da wari: da wane littafin bincike za a fara?

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kin ce kin shiga kantin littattafai na Jarir a Jidda neman abin da ke da 'yarki mai shekara 16 za ku karanta a wannan hutun, kika tarar da kanta guda cike da littattafan Agatha Christie da aka mayar Larabci, wata ƙawarki kuma ta ce ki rabu da su ki nemi Ɗauƙul Hamam na Raja'u Alim, tunda a Makka labarin yake. Kika tambayi bambancinsu, da wanda ya kamata a fara da shi. Ku fara da Christie tare, ke da ita. Na Raja'u Alim da 'yan'uwansa ki ajiye wa kanki sai gaba. Ga dalilina.

Galibinsu da gawa suke buɗewa, shi ya sa ake yi musu kuɗin goro. Amma gida biyu ne, kuma Bahaushe ya riga ya yi wa kowane gida karin magana. Gidan Christie ya tsaya a kan rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Gidan su Raja'u Alim kuwa cewa yake in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A gidan farko laifi yana da mai shi, kuma za a kama shi kafin shafin ƙarshe. Marubucin zai tara mutane kaɗan a wurin da ba shiga ba fita: jirgin ƙasan da dusar ƙanƙara ta tsayar a littafin Christie na 1934, jirgin ruwa a kogin Nilu a na 1937, tsibiri mai mutum goma a na 1939. Sai a wayi gari da gawa. Kowa a cikinsu yana ɓoye wani abu, sai dai ba kowane ɓoyo ne kisan kai ba: wannan bashi ya yi masa katutu, waccan ta yi aure a asirce, wancan sunan da yake amsawa ba nasa ba ne. Aikin mai bincike, da naki, shi ne tsince ƙaryar kunya daga ƙaryar jini.

Abin da ya ɗaga darajar wannan gida a idona shi ne amana. A 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai, ya jera dokoki goma. Daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, dole duk alamar da mai bincike ya tsinta a nuna wa mai karatu, kuma ba a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin hankali. Wannan ta ƙarshe ita ce za ta zo wa 'yarki a baƙuwa idan ta saba da littattafanmu na Hausa, inda sau da yawa in labari ya cuɗe sai boka ya tona asiri, ko a yi mafarki, ko muguwar ta haukace ta fallasa kanta a tsakar gida. A nan babu wannan mafita. Agogon da ya tsaya, tabon da ke hannun riga, maganar da wani ya yi a shafi na 40 ya saɓa mata a shafi na 150, su ne kaɗai shaidu. Idan aka bayyana mai laifi kika koma baya, za ki tarar komai yana nan a gabanki tun ɗazu, hankalinki kawai aka ɗauke zuwa wani gefe. Daɗin ke nan, kuma ba ƙaramin daɗi ba ne.

Christie ta san sana'arta. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti, shi ya sa guba ta yawaita a labaranta, kuma takan faɗi yadda kowace take kama jiki. Littafinta na farko ya fito a 1920, ta kuma bar littattafan bincike 66 kafin mutuwarta a 1976. Mijinta na biyu, Max Mallowan, mai tonon kayan tarihi ne a Iraƙi da Siriya, tana binsa can, don haka wasu labaran a wannan yanki namu suke. Masu bincikenta biyu ne suka fi suna: Poirot, tsohon ɗan sanda daga Beljiyam, da Miss Marple, tsohuwa 'yar ƙauye wadda duk mugun da ta gani sai ya tuna mata da wani da ta taɓa sani a ƙauyensu. Ni ta biyun na fi so, don irin basirarta ce muka sani a wurin kakanninmu.

Kada kuma ki ɗauka wannan tunani Turawa suka zo da shi. A littattafan malamanmu ana ba da labarin Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra. Wani ya yi ƙara cewa ya ba abokinsa ajiya a gindin wata bishiya, abokin ya musa, ya ce bai ma san wurin ba. Iyasu ya tura mai ƙara ya je gindin bishiyar ko zai tuna wani abu, ya ci gaba da sauraren wasu shari'u. Can sai ya juyo ya tambayi wanda ake ƙara ko yana jin mutumin ya isa yanzu. Ya ce a'a, ai da sauran tafiya. Da bakinsa ya kama kansa. Wanda ya ji daɗin wannan labari zai ji daɗin Christie.

Inda gidan yake da rauni ma zan faɗa. Mutuwa ba ta da nauyi a cikinsa. Za a ɗauke gawa da safe, da la'asar ana shan shayi ana lissafin wa zai ci gado, da wuya ki ga wanda ya yi kukan gaske. A labaranta na Masar da Iraƙi kuma 'yan ƙasa suna can baya, masu ɗaukar kaya da masu hidima, yawancinsu ko suna ba a ba su ba. Ya kamata ki nuna wa yarinyar wannan, ta san cewa ido irin na Baturiyar wancan zamani ne yake kallon wurin.

Gida na biyu bai damu sosai da wa ya yi ba. Wani lokaci kin san shi tun shafin farko, wani lokaci har a rufe littafin ba a gano shi ba. Abin da yake bi shi ne yadda aka yi gari ya haifi wannan laifi, da waɗanda suka kau da kai.

Taufiƙ al-Hakim, wanda ya yi aikin gabatar da ƙara a karkarar Masar, ya fitar da Yaumiyyatu Na'ibin fil Aryaf a 1937, shekarar da Christie ta fitar da nata na kogin Nilu. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amma ki duba tazarar. A nasa an harbi wani mutum da dare, mai gabatar da ƙara ya fita bincike, sai tarin takardu da shirmen ofis suka binne shi. Akwai alƙalin da ke gaggauta shari'u don kada jirgin komawa Alƙahira ya wuce shi, akwai talakan da aka ci tara don ya wanke tufafinsa a magudanar ruwa, alhali ba shi da wani wurin wankin. A ƙarshe aka rufe fayil ba a san maharbin ba. Mai kaya bai samu ranarsa ba, kuma da gangan marubucin ya hana shi.

Najib Mahfuz, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1988, ya rubuta Al-Lissu wal Kilab a 1961. Sa'id Mahran ya fito daga kurkuku bayan shekara huɗu, ya tarar matarsa ta auri yaron aikinsa wanda ya ci amanarsa, 'yarsa ƙarama kuma ba ta gane shi ba, har tana gudunsa. Mutumin da ya koya masa tun yana saurayi cewa satar dukiyar masu kuɗi ba laifi ba ce ya zama babban ɗan jarida mai katafaren gida, kuma jaridarsa ce kan gaba wajen farautarsa. Sa'id ya ɗauki bindiga, sau biyu harsashinsa yana samun wanda bai ji ba bai gani ba. Mahfuz bai wanke shi ba. Ɓarawo ne, mai kisa ne. Amma ya zaunar da ke a cikin kansa har sai kin ji zafin ranar da 'yarsa ta juya masa baya, kuma wannan zafin ba ya barin mutum da wuri.

Sai wanda ƙawarki ta ambata. Raja'u Alim 'yar Makka ce. Littafin ya fito a 2010, ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci ta 2011 tare da na Muhammad al-Ash'ari na Maroko, kuma ita ce mace ta farko da ta ci wannan kyauta. An tsinci gawar wata mace tsirara a wani lungu na talakawa da ta kira Abur Ru'us, kuma lungun da kansa ne yake buɗe baki ya ba da labari. Mata biyu sun ɓace daga lungun, Azza da A'isha, amma babu gidan da ya fito ya ce gawar tasa ce, saboda tsoron abin kunya. A nan zuciyar littafin take. Jami'in bincike, Nasir, ya duƙufa kan wasiƙu da rubuce-rubucen da aka bari, har suka fi ƙarfinsa, yayin da masu kuɗi ke zagaye tsofaffin unguwanni da niyyar rushewa su kafa dogayen benaye. Duk wanda ya san unguwar Shamiyya ta Makka kafin a rushe ta a 2008, ko ya ga yadda unguwannin Sabil da Gulail da Karantina suka tashi a Jidda tsakanin 2021 da 2022, maƙwabtan shekara da shekaru suka watse, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan ɓangare. Shi ya sa na fahimci ƙawarki. Babu wani littafin Christie da zai taɓa mu a wannan wuri.

To me ya hana ni cewa ku fara da shi? Da farko harshe. Fassarar Christie Fusha ce, wato Larabcin littafi, sassauƙa, yawancinta hira ce, wadda ta yi sakandare a nan za ta sha ta kamar ruwa. Larabcin Raja'u Alim kuwa mai nauyi ne, cike da ishara da tarihi da salon Sufaye, littafin ya haura shafi 500, rabinsa na biyu ma ya tsallaka da ke har Sifen. Wanda ya shiga yana jiran a nuna masa mai kisa da yatsa zai fito da takaici. Sannan akwai wurare a cikinsa, musamman a wasiƙun, da ke magana a kan jiki da sha'awa a fili, waɗanda ba zan miƙa wa yarinya 'yar 16 ba. Christie a wannan fanni tana da kamun kai: akwai kisa amma ba a baje jini, akwai cin amanar aure amma daga nesa ake ambatonsa.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan a wurina. Gida na biyu yana samun ƙarfinsa ne daga saɓa alkawarin da gida na farko ya saba cikawa. Sai wadda ta saba ganin an tara mutane a falo an fayyace gaskiya za ta ji nauyin fayil ɗin da al-Hakim ya rufe babu amsa. Idan aka juya tsarin, na farkon zai zama kamar wasan yara, na biyun kuma ya zama duhu kawai.

Idan akwai ƙanana a gidan, 'yan shekara 9 zuwa 13, ki nemo musu Al-Mugamirunal Khamsa na Mahmud Salim, wanda Darul Ma'arif ta fara bugawa a Alƙahira a 1968: yara biyar da karensu a unguwar Ma'adi suna warware abin da ya gagari ɗan sandan unguwa. Gajeru ne, kuma suna saba wa yaro da Fusha ba tare da ya ji ana koya masa ba. Mai karanta Turanci kuma, musamman 'yan'uwanmu da suka taso a Sudan, ya nemi labaran Makana da Jamal Mahjub ya rubuta da sunan Parker Bilal tun daga 2012. Tsohon sufeton 'yan sanda ne na Khartum da ya yi gudun hijira zuwa Alƙahira, yana zaune a wani tsohon gida na kan ruwa a bakin Nilu. Yana tsakanin gidajen biyu: ana gano mai laifi, amma zaman baƙunta da fargabarsa suna nan a kowane shafi.

Wajen sayen Christie ki kula da bugu. Tsofaffin fassarorin da ke yawo a kasuwar gwanjon littattafai da yawansu an gutsure su, wasu ma an liƙa sunanta a kan abin da ba ita ta rubuta ba, kuma a irin wannan labari gutsure shafi ɗaya yana iya tafiya da alamar da komai ya rataya a kanta. Ki ɗauki cikakkiyar fassara mai sunan mawallafa a jiki.

Ku fara da na jirgin ƙasa, Jarimatun fi Ƙiɗarish Sharƙis Sari'. Idan ya rage babi biyu ku tsaya, kowacce ta rubuta a takarda wanda take zargi da hujjarta, a ninke a ajiye, sannan a ƙarasa. Bayan uku ko huɗu irinsa, ke ki wuce zuwa Mahfuz, wanda gajere ne, daga shi sai al-Hakim, sannan Raja'u Alim in kin samu natsuwa. Ki kuma ja wa yarinyar kunne kada ta nemi sunan littafin a intanet kafin ta gama, don ƙarshensa ya shahara ƙwarai, layi ɗaya ya isa ya ɓata mata shi.