Juya lissafi ko sheƙa?

Ɗalibin lissafi a Katsina da ya tsara nasa rabon yiwuwa (yadda damar faɗowar lambobi ta kasu), yana son manhajar ƙididdiga ta R ta fitar masa da samfuri, wato lambobin da ke faɗowa bisa wannan rabon, hanya biyu ke gabansa.

Ta farko, ya tara yiwuwar, ya juya lissafin, ya zuba masa lambobin da umarnin runif na R ke bayarwa, masu faɗowa tsakanin 0 da 1. Kowace lamba samfuri guda, ba asara. Amma fa wani lissafin ko an kwana kansa ba ya juyuwa.

Ta biyu, ta masanin lissafi von Neumann, ta 1951, sheƙa ce: a watsa ɗigo cikin akwatin da ya rufe lanƙwasar zanen rabon, a riƙe na ƙarƙashinta, a zubar da saura. In lanƙwasar siririya ce mai tsini, ƙaiƙayi zai fi tsaba yawa, kwamfuta ta yi ta jan ƙafa. Ni dai in lissafin ya juyu, ta farko nake bi.