Gyara Windows ko sake saka ta daga tushe?

Idan saka Windows ya tsaya a tsakiya, kwamfuta tana tashi tana mutuwa, hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko, a gyara abin da ke ciki. Bayan ta kasa tashi sau biyu ko uku, Windows kan buɗe shafin gyara da kanta, inda Startup Repair, kayan gyara matsalar tashi, yake. Fayilolinka ba sa taɓuwa. Sai dai in wuta ce ta ɗauke ana tsaka da aikin, sau da yawa ba ya tsinana komai, don ginin ma bai kai rufi ba.

Ta biyu, sabon zubi. Ka nemi filashi mai aƙalla 8GB, ka zuba masa Windows da Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta wannan aikin, a wata kwamfutar. Zai goge duk abin da ke filashin. Sai ka tayar da kwamfutarka daga filashin. In ta ƙi karɓar faifan ajiyarta (hard disk) tana cewa GPT ne, wato wani tsarin raba faifai, yawanci ta Legacy, tsohuwar hanyar tayar da kwamfuta, ka tayar da ita, sai ka koma UEFI, sabuwar hanyar. Ni sabon zubin na fi so, amma a fara kwashe hotuna da takardu tukuna.

In ta sake tsayawa a wuri ɗaya, canza filashin, sannan a duba faifan da RAM, ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar.