Gefitinib da sorafenib: kowanne da irin tabon da yake bari a fata

'Yar'uwa, kin ce mijinki yana shan gefitinib saboda kansar huhu, fuskarsa ta feso da ƙuraje, fatarsa ta bushe kamar ta tsoho, yayanki kuma yana shan sorafenib saboda kansar hanta, tafin ƙafarsa ya yi kanta mai zafi. Kina tambaya ko ciwo ɗaya ne, ko za su iya shafa magani ɗaya. Allah ya ba su lafiya. Ba ɗaya ba ne, kulawarsu ma ta bambanta.

Gefitinib yana toshe wani sinadari da ake kira EGFR, wanda ƙwayoyin kansa ke dogaro da shi wajen yaɗuwa. To, fata ma da shi take sabunta kanta. Shi ya sa cikin makonni biyun farko ƙuraje kan fito a fuska, ƙirji, gadon baya da fatar kai. Bayan wata ɗaya ko biyu sai bushewa ta biyo baya, fata ta yi sirara, kan yatsu ya tsattsage, gefen farce ya kumbura, wasu ma gashin idonsu ya yi tsawo. Wannan ne tsufan da kike gani, kuma yakan ragu idan aka daina maganin. Ƙurajen sun yi kama da na balaga, amma ba su ba ne. Don Allah kada a sayo masa maganin ƙurajen fuska a kemis, ƙara busar da fatar zai yi. Mai mai laushi yake buƙata, irin man kaɗanya ko basilin, da wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, da guje wa rana, don rana tana tayar da ƙurajen, ga shi a baƙar fata suna barin tabo mai duhu. Idan sun yi yawa likita kan rubuta doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. A lokacin hunturu a ninka kulawa.

Shi kuwa sorafenib, ƙananan jijiyoyin jini yake hana tsirowa don ƙarin kansar ya rasa abinci. Saboda haka duk inda nauyi ko gugar jiki ke sauka, wurin ba ya warkewa da wuri: diddige, gindin yatsun ƙafa, kan yatsun hannu. Yakan fara cikin makonni shida na farko, da zugi da jin kamar ƙuna, sannan kanta mai kauri ta taso, wani lokaci har da bororo. Mutum ya kasa taka ƙasa zuwa masallaci. Abin da ya fi damuna shi ne mutane suna ɗauka kaushi ne, su sa dutse ko reza, su jawo gyambo. Yayanki ya sa takalmi mai taushi da safar auduga, ya rage doguwar tafiya da ruwan zafi, ya shafa man fata na kemis mai ɗauke da sinadarin yuriya (ba takin gona ba), musamman bayan alwala. Idan zafin ya hana shi tafiya, likita na iya rage yawan maganin ko ya dakatar na ɗan lokaci.

Kada ɗayansu ya ajiye maganinsa da kansa, kuma a nisanci mayukan bilicin. In kin ga zazzaɓi, ko mugunya, ko gyambo a baki da ido, ko fata tana saɓulewa, a kai shi asibiti a ranar, tare da kwalin maganin.