Gidan motsa jiki na unguwarmu, a ma'aunin mai amon kunne

Wata huɗu ke nan ina zuwa wani gidan motsa jiki da ke unguwarmu a nan Damagaram, kuma abin da zan faɗa a kansa ra'ayi ne na mai fama da amon kunne, wato shuwar nan da mutum yake ji a cikin kansa alhali babu abin da yake ƙara a waje. Na yi shekaru ina da shago dab da injin niƙa, kuma likitan da ya duba ni ya bayyana mini cewa ƙara mai ƙarfi tana kashe wasu 'yan ƙananan gasu da ke can cikin kunne, waɗanda ba sa sake tsirowa. Shi ne ya umarce ni da motsa jiki saboda hawan jinin da ya fara leƙo ni, amma bai yi mini alkawarin cewa shuwar za ta tafi ba.

Wurin ba shi da girma: akwai kekunan tsaye uku, da injin gudu guda ɗaya wanda yake hutawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai ƙarafan ɗagawa. Kuɗin wata bai kai abin da nake zuba wa babur na mai a mako biyu ba.

A makon farko na kusa daina zuwa, domin duk sa'ad da na sauko daga keke sai in ji shuwar ta ƙaru, ko da yake tana komawa yadda take bayan kamar rabin awa, idan bugun zuciya ya lafa. Ɗaga ƙarfe ya fi muni, don ina cije haƙora ina riƙe numfashi, sai amon ya tashi kamar kukan gyare da damina. Matashin da yake horar da mu ya lura da fuskata, ya matso ya ce, "Baba, ku saki haƙoranku, ku fitar da numfashi lokacin da kuke ɗagawa." Ya rage mini nauyin, ya ƙara yawan ɗagawar. Shawarar tana da tushe, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana sa jini ya hau na ɗan lokaci, kuma da yawa daga masu wannan larura amonsu yana canzawa idan suka matse muƙamuƙi ko suka ɗaure wuya. Wannan yaro shi ne abu mafi daraja a gidan, kuma ina shakkar ko mai gidan ya san haka.

Amfanin da na samu a barci ya bayyana. Dā idan gari ya yi tsit bayan sallar isha'i, sai in kwana ina juyi ina sauraron kunnena. Yanzu da nake cika minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya yi, gajiya tana riga shuwar kama ni. Ƙarar tana nan yadda take, hankalina ne ya rage komawa kanta.

Babban aibin wurin shi ne kiɗan da ake sakawa da yamma. Sau ɗaya na je bayan la'asar, na tarar sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda yake tsaye kusa da shi ya ji, ga ƙarafa ana yar da su a kan siminti ba tare da shimfiɗar roba ba. Hukumar da na ambata ta ce kunne yana iya ɗaukar ƙarar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) har awa 40 a mako, amma idan ta kai 90 sai lokacin ya koma awa 4 kacal. Kwana biyu na yi kunnena yana rama wannan yammacin. Na yi wa mai gidan magana cikin ladabi, ya rage sautin, amma kafin in ɗaure takalmina samari sun mayar da shi inda yake.

Saboda haka mai irin larurata ya je bayan sallar asuba, lokacin da lasifika take kashe, ya kuma tafi da ruwansa, musamman a watan Afrilu da zafi yake wuce digiri 40. Wanda amonsa yake bugawa daidai da bugun zuciya, ko jinsa ya ragu farat ɗaya a kunne guda, ko yake haɗawa da jiri, ya fara ganin likita kafin ya taɓa keke. Ni dai na sake biyan kuɗin wata na biyar, da toshiyar soso a aljihuna saboda ranar da wani zai riga ni zuwa ya kunna kiɗa.